Leƙa Tsibirin Gore Daga Dakar Cikin Rabin Yini

Ɗan unguwar Nima ko Madina a Akra da harka ta kai shi Dakar, in ya samu awa 4 babu aiki, ya leƙa tsibirin Gore. Ba sai da biza ba, tunda Gana da Senegal duk 'yan ECOWAS ne, amma fasfo ya kasance a aljihu, don ana dubawa a tashar jirgin ruwa. Masu barinsa a masauki daga bakin ƙofa suke juyawa.

A canza kuɗi zuwa sefa tun a gari. Ba mai karɓar sidi a can. A sayi tikitin zuwa da dawowa, tafiyar minti 20 ce. Kafin a shiga jirgi a duba lokutan dawowa, saboda tsakanin jirgi da jirgi yakan haura awa ɗaya.

Tsibirin bai kai kilomita 1 ba, kuma babu mota, sai ƙafa. A fara da Gidan Bayi, gidan tarihin cinikin bayi, wanda ake rufewa ranar Litinin da kuma tsakar rana, shi ya sa jirgin safe ya fi. Daga nan a hau tudun Kastel a hango Dakar. Akwai tsohon masallaci a gindin tudun, a yi azahar a can.