Kafin Kuɗi Ya Bar Hannunka: Ramukan da Dukiya Ke Faɗawa a Gombe

Daga watan Oktoba zuwa Disamba kuɗi kan shigo hannun mutane da yawa a Gombe. Manomi ya sayar da wake da masara da riɗi, ɗan kasuwa ya ga ciniki, mai adashi ya kwashi nasa, wani kuma giratuti ne ya fito bayan doguwar jira. A waɗannan watanni ne kuma ake tafka kurakuran da mutum zai yi shekaru yana cizon yatsa a kansu. Mafi yawan asarar, mai kuɗin ne ke miƙa ta da hannunsa: ya biya kafin ya yi lissafi, kafin ya je ya gani da idonsa, kafin a rubuta komai.

Ajiyar hatsi

Kowa ya san sana'ar: a sayi buhuna a Tudun Hatsi ko a kasuwannin wajen Kumo, Dukku da Bajoga lokacin kaka, a jibge a sito, a jira tsadar da kan zo tsakanin Yuni da Agusta. Shekaru da dama abin yana ci, har mutane suka ɗauka dole ne farashi ya tashi. A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara, shinkafa, alkama da wake na tsawon kwana 150. Da yawa daga waɗanda suka sayi masara da tsada a kakar wannan shekarar suna jiran ta ninka, a 2025 sun sayar ƙasa da yadda suka saya. Wanda ya yi da kuɗinsa ya ji jiki. Wanda ya yi da bashi ko da kuɗin amanar mutane, shi ne abin ya fi karyawa. Saboda haka ba a ajiyar hatsi da kuɗin aro, ba a kuma yi da kuɗin makarantar yara ko na hayar gida, domin waɗannan suna da ranar biya, kasuwa kuwa ba ta san ranar kowa ba.

Sai lissafi, wanda nan ne yawancin sababbin shiga ke yaudarar kansu. A ɗauka misali ka sayi buhu a naira 40,000. Mota da dako 1,500, buhun ajiya 2,500, hayar sito na wata shida 1,200, la'adar dillali da kuɗin kasuwa 800. Buhun ya tsaya maka a 46,000 tun kafin a yi maganar ragi, domin hatsi na ƙara bushewa a ajiya, mudu ɗaya ko biyu na iya tafiya. Idan a cikin wata shidan nan sauran kayan masarufi sun ƙara kashi 10 cikin 100, sai ka sayar sama da 50,600 kafin a ce kuɗinka ya dawo da ƙarfinsa na ranar saye. Wanda ya sayar a 48,000 yana murnar ribar 8,000, a gaskiya faɗuwa ya yi. Ka sa naka alƙaluman na ranar da ka saya, ka rubuta su a littafi.

Kada ka ɗinke hatsin da bai bushe ba. Ɗanyen hatsi yana zafi a cikin buhu, ya yi fumfuna, ya canja launi, mai saye kuma da shinshinawa ɗaya zai gane. Ga gwaji mai sauƙi: ka sami kwalba busasshiya, ka zuba hatsin kamar kashi ɗaya cikin uku, ka ƙara cokali biyu na gishirin da ka shanya ya bushe ƙayau, ka rufe, ka girgiza sosai, ka ajiye ta kamar minti goma sha biyar, ka sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalba, akwai sauran laima, a mayar da shi shanya. Masu sayarwa da sabon girbi a farkon kaka su ne suka fi kawo mai laima, ka kuma soka hannu har tsakiyar buhu, kada ka tsaya a na baki.

Wake shi ya fi saurin lalacewa, domin ƙwaron yakan biyo shi tun daga gona. Buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, yana maganin wannan ba tare da guba ba: iska ce ke ƙarewa a ciki, ƙwarin su mutu. Amma sai an bi ƙa'ida. Ka duba kowace leda tukuna, ka tara mata iska ka matsa, in tana fitarwa ta huje, a ajiye ta gefe. Ka cika ta ciki ka bar wuya, ka matse iskar, ka murɗa wuyan, ka lanƙwasa shi, ka ɗaure. Ka yi wa ta biyu haka ita kaɗai, sannan na waje. Masu ɗaure ukun a haɗe da igiya ɗaya su ne ke dawowa suna cewa buhun ba ya aiki. A ɗora a kan katako, a bar tazara da bango, kada a riƙa buɗewa don dubawa. Hujin ɓera guda ɗaya ya isa ya ɓata aikin duka.

Game da guba, muna jan kunne da babbar murya. Ƙwayar fostoksin, wadda ake sa wa hatsi don kashe ƙwari, tana fitar da iska mai kashe mutum, ba a sa ta a ɗakin kwana ko ɗakin da ke haɗe da shi. Fiya-fiya kuwa ba a yi ta don abinci ba. Irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Nijeriya a 2015, kuma waken da ka yayyafa wa, 'ya'yan wani ne za su ci.

Tun ranar saye ka rubuta farashi biyu: wanda in an kai shi za ka fara sayarwa, da wanda in an faɗo gare shi za ka haƙura ka fita. Ka raba kayan kashi uku, ka saki na farko da zarar riba ta bayyana, na biyu a farkon damina, na uku kada ya wuce Agusta, domin da sabon amfani ya leƙo kasuwa tsoho ya zama kaya a ka. Malamai suna da magana a kan ɓoye abinci lokacin da jama'a ke cikin matsi, akwai kuma zakkar kayan kasuwanci. Ka zauna da malaminka a kan duka biyun kafin ka cika sito.

Fili

Araha ba ta ado, a harkar fili ma ta fi ko'ina tsada. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa shaida ce cewa ka biya kuɗi, ba ta tabbatar da cewa wanda ya karɓa shi ne mai filin ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, shi ke ba da takardar mallaka a birni, kuma filin da ke da irin wannan takarda ba ya sauya hannu a doka sai da amincewarsa. Kafin ko kafin alƙalami ya fita, ka karɓi kwafin takardun, ka kai hukumar rajistar filaye ta jiha, wato GOGIS in a Gombe ne, ko BAGIS in a Bauchi ne, ka biya kuɗin bincike. Abin da kake son sani uku ne: sunan wa ke kan fayil, ko an jinginar da filin a banki, ko kuma wurin yana cikin shatar gwamnati ta hanya, makaranta ko layin wuta. Ka je da kanka, kada ka aiki dillalin da ke jiran la'ada.

Filin gado shi ya fi cika kotuna. Ɗa ɗaya ya sayar, ka zuba harsashi, sai ga 'yar'uwarsa da ke aure a wani gari ta zo neman rabonta, kuma tana da gaskiya. In an ce maka gado ne, ka nemi takardar rabon gado daga kotu. In ba a raba ba, sai dukan magada, maza da mata, sun sa hannu, a kuma san wanda ke wakiltar marayu ƙanana.

Gombe tana da matsalar da ba kowane gari ke da irinta ba, wato zaizayar ƙasa. Filin da ka gani shimfiɗe a watan Maris yana iya zama hanyar ruwa a Agusta, kwari kuma yana cin gaba kowace damina. Ka ga filin bayan ruwan sama mai ƙarfi. In ba za ka iya jira ba, ka dubi yashin da ruwa ya kwanto, ka dubi alamar laima a katangun maƙwabta, ka tambayi wanda ya daɗe a wurin ba tare da dillali yana tsaye ba. Ka kawo safiyo ya auna a gabanka, domin fulotin da aka ce ƙafa 50 da 100 ne sau da yawa yakan rage in an ja tef. Ka biya ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan takarda. Da an gama ciniki a kafa turakun siminti a kusurwa huɗu, in da hali a ja katanga ko da layi uku ne na bulo. Filin da aka bari fayau shi ake sayar wa mutum biyu.

Bashi, karɓa da bayarwa

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Duk da haka kunya ke hana mutum ya ce wa ɗan'uwansa "mu rubuta". Kunyar nan ce ke raba zumunci daga baya. A rubuta adadi da lamba da kalmomi, ranar biya, ko a dunƙule ne ko kashi-kashi, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. In jari ne ka ba wani ya juya, a fayyace a takarda cewa jari ne, da yadda za a raba riba, da abin da zai faru in an faɗi, domin ranar rigima mai bayarwa zai ce rance ne, mai karɓa ya ce haɗin gwiwa ne. Tsaya wa wani a wajen karɓar bashi kuwa, ma'anarsa ka yarda ka biya in ya gaza. In ba za ka iya biyan adadin daga aljihunka ba, kada ka sa hannu.

Ma'aikata su lura da bashin albashi. Bayan haramcin riba ga musulmi, lissafin kansa yana da tarko. A ce ruwan kashi 3 ne a wata a kan rancen 500,000 na shekara ɗaya: ruwan 180,000 ne, kana biyan kusan 56,700 duk wata. Amma ana lissafa ruwan a kan cikakken kuɗin har watan ƙarshe, alhali kana ta rage uwar kuɗin, don haka abin da kake biya a haƙiƙa ya kai kashi 5 a wata. Tambaya ɗaya za ka yi: nawa zai shigo hannuna, nawa zan biya gaba ɗaya? Ko a bankin da ba ya ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, ka yi wannan tambayar a kan ribar da aka ɗora wa kaya. Tun watan Agustan 2020 kuma Babban Banki ya ba bankuna damar cire bashin da aka ƙi biya daga sauran asusun mutum masu BVN ɗinsa, sauya banki ba ya ɓoye kowa. Manhajojin bashi na waya kuwa, wasunsu lambobin da ke wayarka suke kwashewa, ranar da ka makara su aika wa surukanka saƙo.

Masu ninka kuɗi

MMM, wata kafar zuba kuɗi ta intanet, ta yi alkawarin kashi 30 a wata, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. CBEX, wata irinta, ta rushe a Afrilun 2025. Suna ne kawai ke canjawa. Kashi 30 a wata yana nufin 100,000 ta zama sama da miliyan 2 da dubu 300 a shekara, babu noman rani a Dadin Kowa ko kiwon sa da ke ba da haka. Waɗanda suka fara shiga ana biyansu da kuɗin na baya, shi ya sa wanda ya kawo maka tallar yake rantsuwa cewa shi ya karɓa, kuma ba ƙarya yake yi ba. Takardar rajistar CAC da suke nunawa shaidar kafa kamfani ce kurum. Izinin karɓar jarin jama'a daga SEC, hukumar da ke kula da harkar zuba jari, yake fitowa, ka duba sunansu a shafinta. Ko an ce da sunan addini ne, ko wani mutumin kirki na unguwa yana ciki, binciken bai canja ba.

Inda ake ajiye ragowar

Kuɗin da aka binne a gida yana narkewa: hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, canjin takardun naira na farkon 2023 kuma ya nuna wa masu tara tsaba abin da ka iya faruwa. A banki ma akwai iyaka. Inshorar NDIC, hukumar da ke biyan masu ajiya in banki ya rushe, tun 2024 tana tsayawa ne a naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci, miliyan 2 a ƙananan bankuna, kuma soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024 ya isa misali. In ajiyarka ta haura haka, ka raba ta banki biyu. Lambar sirri da lambar da ake turowa ta waya ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga banki yake kira. Mai shago kuma kada ya saki kaya don an nuna masa alat, sai ya buɗe asusunsa ya ga kuɗin.

Adashi yana da amfani matuƙar an san juna. A rubuta sunaye da jerin kwasa tun ranar farko, uwar adashi ta riƙe littafi, wata ko wani ya riƙe kwafi. Sabon shiga ya kwasa a ƙarshe, wanda zai kwasa da wuri kuma ya kawo mai tsaya masa daga cikin 'yan zubin. Zubin da ya wuce abin da za ka iya fitarwa a watan da ciniki ya fi mutuwa, wato tsakiyar damina, ya yi maka yawa. Ka shiga da rabin hannu.