Yadda na gyara tayil ɗin bangon waje da ke zubowa

Alhamdulillah an wuce wajen. Tayil ɗin da muka manna a fuskar gidanmu nan Tumfure a Gombe ne yake ta ɓallewa duk damina, in ka ƙwanƙwasa sai kaji ƙarar rami a ciki. Da farko an ce simintin ne bai da kyau, aka canza, wasu suka ce tayil ɗin ne yayi nauyi, duk ba nan take ba.

Ashe ruwa ne ke shiga ta saman katanga tunda ba a mata hula ba, wato murfin kankare da ke tare ruwa, gashi kuma an manna tayil ɗin kan fenti da ɗigo-ɗigon siminti. Sai muka cire duka, muka kankare fentin har filasta ta fito, muka share ƙura muka ɗan jiƙa bangon, sannan aka shafa gam ɗin tayil da cokalin magina mai haƙora ya cika bayan kowanne ba rami, aka bar tazarar milimita 3 tsakanin tayil da tayil aka cike ta bayan kwana biyu. Saman katangar aka zuba mata hular kankare mai gangara da ɗan baki ya leƙo waje.

Da sassafe muke aikin don rana na saurin busar da gam. Ruwan Agusta ya daki bangon ko ɗaya bai motsa ba, Allah ya saka wa maginin da alheri.