Yadda ake magance ƙarnin gaba mai dawowa bayan saduwa

Mata da yawa a Kaduna kan kira shi sanyi, su ɗora wa banɗaki laifi. Amma idan ruwan da ke fita tsararo ne, fari ko toka-toka, mai ƙarni kamar na kifi, galibi bacterial vaginosis ne. Ƙwayoyin Lactobacillus masu tsare gaba da ɗan tsami sun ragu, irin su Gardnerella sun mamaye wurin. A ma'aunin tsami na pH, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai yawa, gaba mai lafiya ba ta wuce 4.5 ba, maniyyi kuwa ya haura 7, yana rage tsamin, shi ya sa ƙarnin ya fi tashi bayan an sadu.

Da farko ki je asibiti, kamar Barau Dikko ko Yusuf Ɗantsoho, a ɗebi ruwan da auduga a duba. Kada ki tsaya a kemis ki ce a haɗa miki maganin sanyi. Mai ƙaiƙayi da farin abu kamar kindirmo wata cuta ce daban, maganinta ma daban.

Abin da aka saba bayarwa shi ne metronidazole, wato Flagyl, 400mg ko 500mg safe da yamma, kwana 7 cur. Ƙarnin kan ɗauke tun kafin maganin ya ƙare, a nan ne ake yin kuskuren ajiye shi. A kwanakin nan a dakata da saduwa, ko a sa kwaroron roba. Idan man clindamycin aka ba ki, ki sani yana raunana robar.

Sai batun maigida. Ƙwayoyin cutar nan suna zama a fatar azzakari ba tare da namiji ya ji komai ba. A binciken da aka wallafa daga Ostareliya a 2025, an ba mazan metronidazole da man clindamycin na shafawa sau biyu a rana, kwana 7. Cikin mako 12 ciwon ya dawo wa kashi 35 cikin ɗari na matansu, alhali ya dawo wa kashi 63 a inda mace kaɗai ta sha magani. Don haka idan yana dawowa, ku je tare. Gidan da ke da abokiyar zama kuwa, a faɗa wa likita, kunya ba ta kashe ƙwayar cuta.

Ki bar matsi da alimun ko miski, da cusa sabulu ciki wajen tsarki. Su ke kashe ƙwayoyin Lactobacillus masu tsaron gaba. Ruwa zalla, daga waje, ya wadatar.

Mai juna biyu kada ta jira ranar awo, domin ciwon na da alaƙa da haihuwar bakwaini.