Ɗaurin ƙaramar ƙugiya da siririn zare

Salam 'yan uwa masu fatsa. Masu kukan cewa kifi yana tsinke musu zare, ku duba bakin da ya rage a hannunku. In ya fito a nannaɗe, ƙullin ne ya warware, zaren bai tsinke ba.

Siririn nailan, irin wanda masu kamun kifi da ƙudan roba ke kira 6X (kaurinsa wajen milimita 0.13), yana da santsi sosai. Ka zura bakin ta idon ƙugiya, ka nannaɗa shi jikin uwar zaren (dogon ɓangaren zaren) sau 6 ko 7, ka mayar da shi ta 'yar kafar da ke kusa da idon, sannan ta babban zoben da ya samu. Sau 4 ya ishi zare mai kauri, amma ba wannan ba.

Kafin ka ja, jiƙa ƙullin da miyau. Wannan ne mutane suka fi rainawa, alhali gugar zaren a bushe tana sa shi ya yi zafi ya raunana daidai wurin ƙullin. Ka ja uwar zaren a hankali, kada ka fizge, har nannaɗen su jeru.

In idon ƙugiyar ya ƙi karɓar zare, yanke bakin a karkace, ka riƙe ƙugiyar saitin farin ƙyalle don ka ga idon. Da ka cire kifi mai ƙarfi, yanke ƙullin ka sake sabo.