Yadda Malami Zai Gane Wariya Tsakanin Ƙananan Yara, Ya Kuma Magance Ta

A ajin share fage ko islamiyyar ƙauye, faɗan da malami yake gani shi ne mai ƙara: yaro ya ture yaro, ya fizge masa allo, kuka ya tashi. Akwai wanda ba a ji. 'Yar shekara biyar ta ce wa ƙawarta, "In kika ƙara wasa da ita, mun ɓata." Ko a kafa gaɗa a ƙi matsa wa ɗaya, ana zunɗenta.

A 1995 masu bincike biyu a Amurka, Nicki Crick da Jennifer Grotpeter, sun nuna cewa 'yan mata 'yan firamare sun fi maza cutar da juna ta wannan hanya. A 1997 Crick da abokan aikinta suka same ta har a 'yan shekara uku zuwa biyar. Sai dai wani nazari na 2008 da ya tattara bincike 148 ya gano tazarar ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Wajen dukan juna kam maza ne a gaba, wariya kuwa kowa yana yi. Malamin da ya zuba wa mata ido su kaɗai, rabin aikin ya yi.

A fara da kallo. Lokacin tara, malami ya zauna nesa kaɗan, minti goma kullum har mako biyu, da takarda mai gida uku: wa ya fara, wa aka ware, su wa suka biye. Wajen mata a duba carafke da wasan 'yar tsana, a ga wacce kullum ita ce 'yar aike. Wajen maza a duba ƙwallo da langa: wanda da ya iso sai a ce "an cika", ko mai ƙwallon da yake ɗauke abarsa in an saka wanda ba ya so. Sunan da ya fito sau uku a gidan tsakiya, akwai magana. A tambayi uwarsa ko yana kukan ciwon ciki da safe, ko yarinyar ta koma zuwa talla da ɗiban ruwa ita kaɗai.

In abin ya faru a gabanka, tsayar da shi nan take, da murya a kwance: "A nan ba a korar kowa daga wasa. Matsa mata." Daga baya ka kira mai farawar ita kaɗai, ka tambaye ta abin da ya haɗa su. Sau da yawa tsoro take kada a ƙwace mata ƙawa.

Gida na uku a takardar, na masu biyewa, shi ne inda aikin yake, domin wariya ba ta tsayuwa sai da mabiya. Koya musu abin da za su faɗa, su maimaita a aji: "Ni dai zan yi wasa da ita." Wajen shara ko bitar karatu a raba su biyu-biyu ko huɗu-huɗu, ana sauyawa duk Asabar ko Litinin. Uku-uku ba ya yi, biyu ne za su haɗe kai. Hadisin da ya hana mutum biyu yin raɗa su bar na uku, yara suna kama shi da wuri.

Bulala ba ta magance wannan. Tana mayar da shi bakin rijiya ne, inda malami ba ya gani, a kuma ƙara wa wacce aka ware sunan mai kai ƙara. Haka tilasta musu gaisawa a gaban aji, da cewa "yi haƙuri, wasan yara ne". In mako huɗu ya wuce ba sauyi, a duba gida. A gidan yawa, yara kan ɗauko gabar iyayensu mata su kawo makaranta. A nan sai a nemi malama ko dattijuwar unguwa ta zauna da kowace uwa daban, ba a gaban yaran ba.