Kurakuran da na gaji da gani a fuskar gidajen wasan kwaikwayo

Gidan wasa da dare yake cin kasuwarsa, amma sababbin masu zanen gini sai su zauna a ofis da rana tsaka su zaɓi kayan fuskarsa. Ni ma na taɓa yi, kuma na ji a jikina. An kawo min samfurin alminiyom mai sheƙi, bai wuce tafin hannu biyu ba, na sa hannu. Ranar da muka kunna fitilun da muka binne a gindin bango, sai bangon ya tsaya baƙi ƙirin. Ƙarfe mai sheƙi madubi ne, ba ya riƙe haske, cilla shi yake yi. Namu sama ya tafi. Kuɗin sauya fitilun daga aljihuna ya fita, kunyar kuwa ba a magana.

Ko manya sun faɗa wannan rami. Zauren kiɗa na Walt Disney da ke Los Angeles, wanda aka buɗe a 2003, wani sashen ƙarfensa ya riƙa mayar da hasken rana cikin gidajen maƙwabta, sai da aka bi shi da goga a 2005 aka kashe ƙyallin. Gidan opera na Sidni da ke Ostareliya kuwa, tayil sama da miliyan ɗaya ne a rufinsa, an gauraya fari mai sheƙi da mai ruwan madara marar sheƙi, don kada ya kashe ido.

Yanzu ba na amincewa da komai sai an kafa min samfuri mai mita biyu a filin aikin, na gan shi da hantsi, da la'asar, da kuma bayan isha'i da fitilar da za a saka. Wanda ya ce ɓata lokaci ne, ya je ya gwada.

Dutse ma haka. Don Allah ku daina yanka marmara siririya kuna liƙawa a waje! Zauren Finlandia na Helsinki ya sha wannan: falankan marmarar Karara ta ƙasar Italiya sun lanƙwashe, aka sauya su, sababbin ma suka lanƙwashe.

Gilashi mai duhu a zauren shiga yana ɓoye jama'a, alhali ganinsu daga titi shi ne tallan wasan. Kada a haɗa fitila mai kelbin 3000 (ma'aunin launin haske), wadda haskenta ke da ɗan rawaya, da mai 6000, wadda nata fari ne fat, a bango ɗaya. Haske dab da bango yana tona asirin magini, duk ƙullutun filasta sai ya fito. Fitilar da tsani ba ya kaiwa kuwa, ni tun a takarda nake soke ta.