Yadda na gyara lissafin da ya ƙi fita daidai a Python

Makon jiya na zauna rubuta ɗan shiri a Python, wani yaren ba kwamfuta umarni, don tara cinikin shagon yayana. Aikin ɗan koyo ne: a shigar da farashi biyu, kwamfuta ta haɗa. Na sa 500 da 300, sai ga 500300. Har kashe na'urar na yi na kunna, wai ko ta dawo hayyacinta.

Ashe laifina ne. Duk abin da input(), mai karɓar abin da mutum ya shigar, ta karɓa, rubutu take ɗaukarsa, alamar + kuwa in ta samu rubutu biyu manna su take yi. Na sa float(), mai mayar da rubutu lamba mai ɗigo, 800.0 ta fito.

Murna ta koma ciki da na gwada 0.1 + 0.2, na ga 0.30000000000000004. Nan na fi shan wuya. Da sifili da ɗaya kwamfuta ke ajiye lamba, kuma 0.1 ba ya ƙarewa a wannan tsarin, kamar yadda ɗaya bisa uku ba ya ƙarewa a namu, 0.333 har illa masha Allahu. Dole ta datse, guntun kuskuren ya biyo baya. Na nemi round(), mai rage lambobin bayan ɗigo, ta rufa min asiri, ita ma round(2.675, 2) ta ba ni 2.67 maimakon 2.68.

Sai na mayar da komai kwabo, na koma int(), mai ba da cikakkiyar lamba. Naira 12.50 ta zama 1250, ba ɗigo balle saura. Wajen nunawa kawai nake rabawa: // 100 ya ba ni naira, % 100, wato ragowar rabon, ya ba ni kwabo.

Da na nuna wa Yaya, cewa ya yi, "Kai, rabona da ganin kwabo tun yaushe?"